Sheburon 8x8 ya iso gida yana 7x7: cuta ce ko haka sana'ar take?

Mushe Hamidu: Assalamu alaikum ƴan zaure. Tambayata ga kafintoci da masu saida katako ne, kuma don Allah a gaya mini tsakani da Allah. Ina rufin ɗaki biyu a Talaje. Ranar Asabar na sayi sheburon 40, katakon da ake ɗora rufi a kai, a wani shago, na ce 8x8 nake so, watau santi 8 kowane gefe, mai tsawon metir 4, aka ce ga shi, na biya, mai amalanke ya kai mini. Jiya da la'asar ina zaune gindin bango, ƙaramin ɗana yana wasa da abin ja layi na lakkol, ya ɗora a bakin guda ya ce "Baba, bakwai ne." Na ce ya je ya sake koyon ƙirga. Da na karɓa na duba da kaina, bakwai ɗin ne. Na aika aka aro mini metir wurin telan da ke maƙwabtaka da mu, na bi su ɗaya bayan ɗaya har magariba. Mafi kauri mili 72, yawancinsu 70, guda shida 68. Tsawo kuwa babu wanda ya kai metir 4, duk sun tsaya wajen metir 3 da santi 66. Yau da safe na koma wurin mai shagon, ya yi dariya ya ce "Mushe, ai 8 suna ne." Suna ne? To kuɗin da na ba shi ai ba suna ba ne.

Laminu Tela: Hahaha Mushe, da kai ma ka ba shi jikka tara ka ce sunanta goma.

Alhaji Sani mai katako: Wa alaikumus salam. Mushe, ban san wanda ya sayar maka ba, amma shekarata 22 ina wannan sana'a a kasuwar Katako, kuma abin da ya faɗa maka gaskiya ne, dariyar ce kawai bai kamata ya yi ba. Nan Nijar ba mu da dajin da za a fasa katakon rufi, kusan duk abin da ka gani daga ƙasashen kudu ya zo: Gana, Kodebuwa, Najeriya, Benin. A Gana da Najeriya da inci ake yanka. Inci ɗaya mili 25 ne da ɗan ɗori. Inci 3 ya zama mili 76. In ya shigo nan, mutanenmu da santi suka saba, ba wanda zai tsaya yana cewa bakwai da digo shida, sai a ce 8. Tun bai hau mota ba mili 4 sun tafi, kuma ba wanda ya ci su. Tsawon ma haka: ƙafa 12 ne aka yanka, ƙafa 12 kuwa metir 3 da santi 66 ne daidai, abin da ka auna ke nan. Mu muke ce masa mai metir huɗu saboda shi ya fi kusa.

Mushe Hamidu: Alhaji, ranka ya daɗe, santi 34 ba "kusa" ba ne. Ɗalibina in ya rubuta haka a jarrabawa sifili zan ba shi.

Alhaji Sani mai katako: To Mushe, in ka je kasuwa aka ce maka tumatir ɗari ne, nawa kake fitarwa? Ai tamma 500 kake bayarwa, don kowa ya san da dala ake ƙirga. Baƙon da ya miƙa tamma 100 shi za a yi wa dariya. Sunan katako ma yaren kasuwa ne.

Mushe Hamidu: Dala kullum biyar ce, Alhaji, a Yamai biyar, a Damagaram biyar, bara biyar, bana biyar. Shi 8 ɗin naku nawa ne? Cikin kaya guda na samu 72, 70 da 68.

Baba Ila kafinta: Yaro ya yi magana. Sani, amsa mai.

Alhaji Sani mai katako: Baba ai kai ne uban sana'a, kai za ka raba mu.

Baba Ila kafinta: To ku saurara. Ni a Tawa ni koyi aikin ga tun ana goge katako da rabo na hannu, babu inji. Maigidana, Allah jiƙan shi, ya ce mini katako maciya uku gare shi. Na hwarko zarto. Duk inda ya bi sai ya mai da wani abu gari. Zarton masana'anta mai siririn baki mili 2 ko 3 shika ci, amma injin hannu wanda aka tahiya da shi cikin daji kusan santi guda shika ci, kuma hannun mutum ba ya tahiya miƙe, shi ya sa kaka ganin guda bisa kauri ƙasa siriri. Na biyu rana da iska. Katakon ga ɗanye anka yanke shi, da ruwa cikinai. In ya zo ƙasarmu hunturu ya buge shi sai ya tsuke. Na uku rabo. Hwuska huɗu gare shi, kowace in za ta yi sumul sai an ɗebe mili 2, wani lokaci 3 in yankan ya yi muni. Shi ya sa muka cewa rabo ba ya barin rabonai. Waɗanga ukun ba ɓarayi ba ne, haƙƙinsu suka ci. Amma akwai na huɗu wanda maigidana bai so hwaɗi ba, shi ne mutum mai gyara bakin zarto ya matso ciki kaɗan don gungume guda ya ba shi ƙarin biyu ko uku.

Mushe Hamidu: Allah ya ƙara girma Baba. To nawa ba a goge su ba, da gashinsu suke, har sartse ya shige ni a yatsa. Ke nan rabo bai ci komai ba a nan.

Injiniya Hadiza: Barkanku da rana. Bari in sa lissafi a kan maganar Baba, don Mushe mutumin alli ne. Wane itace ne, fari ko ja?

Mushe Hamidu: Fari ne, mara nauyi. Sun ce samba.

Injiniya Hadiza: Madalla. Shi ne ƴan Gana ke kira wawa, ƴan Najeriya obeche, ƴan Kamaru ayus, itace ɗaya ne. Katako ba ya fara tsukewa sai ruwan da ke cikinsa ya sauka ƙasa da wajen kashi 30 cikin 100. Daga nan duk abin da ya fita, jiki ne ke raguwa. A bakin teku inda iska ke da laima, ko ya shekara a ajiye yakan tsaya wajen kashi 16. Nan Yamai a watan Maris yana sauka har kashi 5 ko ƙasa da haka. Samba in ya bushe ƙarƙaf yana rasa kamar kashi 5 ta gefen da ya bi zoben itacen, da kamar kashi 3 ta gefen da ya nufi zuciyarsa. Shi ya sa sheburon da aka yanka murabba'i yake dawowa gefe ɗaya ya fi ɗaya, kuma shi ya sa falanki mai faɗi yake lanƙwashewa kamar bayan kunkuru. A kan mili 76, bushewar ƙasarmu za ta ci mili 2 zuwa 3. Sai mu ce 73 ko 74. Falanki mai santi 30 kuwa yana iya rasa santi guda cur. Amma tsawo kusan ba ya motsi, a metir 4 ƴan mili ne kawai. Duk wanda ya ce maka rana ce ta gajarta katako da santi 30, ka ce ya ji tsoron Allah.

Ke nan na Mushe: daga 80 zuwa 76 laifin fassara ne, daga 76 zuwa 73 laifin hunturu ne. Daga 73 zuwa 70 da 68 ban ga mai ɗauka ba sai na huɗun Baba.

Alhaji Sani mai katako: Injiniya, ko da haka ne ba mu muka yanka ba. Yadda ya sauko daga mota haka muke sayarwa. Mu ma a ƙirge ake ba mu.

Ɗan Konni direba: Wannan kam gaskiya ne, na sha ɗauko shi. Wurin lodi ba mai ba ka lokacin awo, yara na jefawa kana ƙirgawa. Kuma kaya iri biyu ne. Na masana'anta ka gan shi bai ɗaya kamar sabulu, na daji ka ga sawun haƙorin inji a jikinsa. A Gana ma tun 1998 doka ta hana fasa katako da injin hannu don sayarwa, amma ba a daina ba. Shi ya fi araha, shi talaka ke saye.

Mushe Hamidu: Na yi nawa lissafin. Sheburon 8x8 na gaskiya mai metir 4, guda 39 ke cika metir kub ɗaya. Irin wanda aka ba ni sai an tara 56. Watau a kan suna na sayi metir kub ɗaya da ɗan ɗori, abin da ke tsakar gidana bai kai kashi uku cikin huɗu na wannan ba. Kusan kashi 30 babu.

Alhaji Sani mai katako: A nan ne ka kuskure Mushe. Kuɗin da ka biya kuɗin wannan ɗin ne da ke tsakar gidanka. Da 8 cikakke ne mai metir 4 cikakke, wallahi ba a wannan farashin za ka same shi ba. Ana samun sa, a fasa maka daga babban katako, amma in na faɗi kuɗin sai ka ce na tsawwala ka wuce shagon gaba, inda za a ce maka 8 a ba ka 7. Mun gwada. Masu saye ne suka koya wa kasuwa wannan hali.

Malam Bashiru: Assalamu alaikum. Alhaji, rabin maganarka tana da madogara. Malamai sun ce al'adar da mutane suka sani suka yarda da ita ana hukunci da ita a ciniki. In kafinta ya zo ya ce 8, ya san abin da za a ba shi, kai ma ka san ya sani, ba a cuci kowa ba. Amma Mushe malamin lakkol ne, bai san yarenku ba, kuma mai shagon ya ga alama bai sani ba. Kalma ɗaya ce ta rage ya faɗa. Mun san abin da ya faru da mai saida abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, da abin da Manzon Allah (SAW) ya ce game da algus. Ban ce mai shagon ɓarawo ne ba, amma shirunsa ba shi da kyau.

Alhaji Sani mai katako: Na karɓi wannan Malam. Ni dai a shagona metir na rataye a ƙusa, duk mai so ya ɗauka.

Laminu Tela: Wane irin metir Alhaji, shi ma 8 ne ko 7? 😂

Nuhu Karolina: Ina gaida iyayena da yayyena. Ina karatu ina dariya, don nan Amurka aikin gini nake kuma ranar farko irin abin da ya samu Mushe ya same ni. Nan gidaje da katako ake yin su, wanda aka fi aiki da shi sunansa 2x4. Da a ce da gaske inci 2 da inci 4 ne, da ya zama mili 51 da 102. Amma in ka auna inci 1 da rabi ne da inci 3 da rabi, watau mili 38 da 89. Na 4x4 mili 89 ne kowane gefe. Na 2x8 ma ya fi rashi, faɗinsa inci 7 da kwata. Na je na ce wa shugaban aikinmu an kawo mana kaya ƙanana, duk wurin aka fashe da dariya.

Bambancin kawai shi ne nan raguwar a rubuce take. Da can kowace masana'anta da nata awo, sai a 1924 suka fara kafa ƙa'ida ta ƙasa baki ɗaya, aka yi ta ja-in-ja ana ragewa, har a shekarun 1960 aka tsaya kan wannan da muke aiki da shi. Awon na busasshen katako ne gogagge, wanda ruwansa bai wuce kashi 19 ba. In ɗanye za a sayar, dole a yanka shi ya ɗan fi haka don in ya bushe ya dawo daidai, kuma akwai tambari a jikinsa da ke nuna ko busasshe ne ko ɗanye. Ka saya a nan, ka saya a wata jiha mai nisan kwana uku a mota, 38 da 89 za ka samu. Tsawo kuma ba a taɓa shi, ƙafa 8 ƙafa 8 ce.

Mushe Hamidu: Yauwa ƙanena! Abin da nake faɗa ke nan. Wannan ita ce dala, kowa ya san biyar ce.

Nuhu Karolina: Duk da haka Yaya, su ma sun kai juna kotu. A 2014 a Kalifoniya kamfanin Lowe's ya biya dalar Amurka miliyan 1 da dubu 600 a kan yadda yake rubuta awon kayan gini, aka kuma ɗora masa ya riƙa nuna awon gaskiya. Yanzu in ka shiga manyan shagunan za ka ga suna a sama, awon gaske a ƙasa.

Laminu Tela: Dalar tasu ce ko tamu? In tamu ce ni ma zan iya biya da bashi.

Injiniya Hadiza: Faransa ma ba ta tsira ba. Sheburon da suke kira 6x8 awonsa mili 63 da 75 ne, gefe ɗaya ya haura sunan, ɗaya ya gaza. Manyan katakonsu kuma, madriye 75 da 225 ne, bastan 63 da 175, kuma wannan kafin a goge ne, in an goge wajen mili 5 ke tafiya ta kowane awo. Ko kontirplake da muke saye a nan, kun taɓa tambayar me ya sa yake santi 122 da 244, ba 120 da 240 ba? Ƙafa 4 ne da ƙafa 8 aka mayar santi.

Amma ni abin da ya dame ni ba kuɗin Mushe ba ne, rufin ne. Mutane na ganin santi ɗaya cikin takwas ba komai ba ne. Ƙarfin katako wajen ɗaukar nauyi ba haka yake raguwa ba, domin kaurin tsaye sau biyu yake shiga lissafi, faɗi sau ɗaya. 8 sau 8 sau 8 ya ba da 512, 7 sau 7 sau 7 ya ba da 343. Sulusin ƙarfin ya tafi. Wajen lotsawa abin ya fi haka: nauyi ɗaya, tazara ɗaya, mai 7 zai lotsa fiye da mai 8 da kamar kashi 70 cikin 100. Ga samba dama ba itace mai ƙarfi ba ne, kuma gara na son sa. In kafintanka ya tsara tazara da tunanin 8 na gaske, to a sake zama. Kun san iskar farkon damina a garin nan, ba ta tambayar sunan katako.

Hajiya Rakiya: Tunda an zo nan bari ni ma in sauke nawa. Lokacin auren ɗiyata na ba wani kafinta aikin tebur da kabad. Ni da kaina na je na sayi falanki na jan katako, aka ce mini mai santi 3 ne. Da aiki ya fito na ga saman teburin siriri, na sa aka auna, santi 2 da mili 2. Na yi masa tas a gaban yaransa, na ce ya canza mini kaya ya sa nasa. Mutumin nan bai ce komai ba, ya shiga ciki ya kwaso buhu biyu na ɓawon katako ja wur ya ajiye gabana ya ce "Hajiya ga sauran." Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, amma kuma har yau ban tabbata ba.

Baba Ila kafinta: Hajiya ki nemi gahwarar bawan Allah. Falankin da aka ce ma 3, inci guda ne ko ya ɗan ɗara, mili 25 zuwa 27. Ki goge sama ki goge ƙasa, in ya lanƙwashe sai an ƙara ci kahin ya kwanta. Ya ba ki 22, ya yi ƙoƙari. Wanda ka son tebur mai santi 3 bayan an gama, mai 4 shika saye. Mu in mutum ya zo da aiki tambayar hwarko ita ce: awon da kaka hwaɗi, na kahin rabo ne ko na bayan rabo? Kahintan da bai tambaye ki wannan ba, nan ne laihinai.

Hajiya Rakiya: To Baba, ai kuwa bai tambaya ba. Mun raba laifin ke nan.

Baba Ila kafinta: Da can da azara muka rufi, ta giginya, daga wajen Gaya aka kawo ta. Ba mai ce maka 8 ko 7. Magini shi ɗaga ta, shi ƙwanƙwasa, shi duba baƙin jikinta, in ta yi sai a gina ɗaki daidai tsawonta. Ɗaki ka bin itace. Yanzu ku kun gina ɗaki bisa takarda kuna neman itace shi bi ku.

Mushe Hamidu: Baba ka taɓo inda ke mini ciwo. Faɗin ɗakunan daga ciki metir 3 da rabi ne, don an ce mini katako metir 4 ne. Yanzu in an ɗora, santi 8 kawai zai hau bango ta kowane gefe.

Injiniya Hadiza: Kai! Mushe wannan ya fi maganar kaurin. Santi 8 ya yi kaɗan, balle in rufin na da gangare, don gangare na ƙara cin tsawo. Kada a buga ƙusa ko ɗaya tukuna. Ko a sa babban katako ko ƙarfe a tsakiya ya raba tazarar, sheburon su haɗu a kansa, ko a nemo masu tsawo. Kuma a ɗaure su da ƙarfen da aka binne cikin bango, ba ƙusa kaɗai ba.

Alhaji Sani mai katako: Akwai masu tsawo, sai dai ba kowa ke ajiye su ba. Mushe, ka koma wurin mutuminka da metir a hannu, ba da faɗa ba. Ka ce ya karɓi shidan nan masu 68, kuma in yana da dogaye ku yi musaya ka cika kuɗi. In ɗan kasuwa ne na gaske zai yarda. In ya ƙi ka yi mini magana ta gefe, wataƙila na san shi.

Ɗan Konni direba: Ka je da safe kafin rana ta yi, kuma ka ciro daga tsakiyar tari. Na sama kullum su ne masu kyau.

Mushe Hamidu: Ƴan uwa na dawo. Na je da kafintana da metir. Ya karɓi shidan ya canza mini ba gardama, har ya sa aka kawo mana shayi, amma ya ce dogaye sai mota ta iso, bai san rana ba. Mun auna sababbin a gabansa, 72 da 73. Na ce ya rubuta mini awon a takardar ciniki, ya ce shi tunda yake ba a taɓa tambayarsa haka ba, ya dai rubuta. Kafinta ya ce za mu bi shawarar Injiniya mu sa ƙarfe a tsakiya, mu kuma matse tazara, don haka sai na ƙaro guda 8. Sai dai sababbin sun fi nauyi, kuma da na sa hannu sanyi gare su.

Baba Ila kafinta: Ɗanyu ne ɗana, 73 ɗin ga ba za ta zamna ba. Kada ka ɗora su yanzu. Ka jera su cikin inuwa, bisa duwatsu kada su taɓa ƙasa, ka sa ƴan sanduna tsakanin kowane jeri iska shi ratsa, ka danne sama da bulo don kada su murɗe. Bayan sati biyu ka ba yaron nan naka abin awonai shi sake dubawa.